Akwatin Kyaftin Na-Tudu

Garin Ada, inda kogin Volta ke shiga teku, ya yi masunta, ya yi matan da ke kama ƙaguwa da hannu babu ko tsaki, ya yi matuƙan da suka kai Abijan a kwalekwale suka dawo da haƙoransu cif, amma bai taɓa yin mutumin ruwa irin Kyaftin Kabutey Narh ba. Sauran duk ruwa ya jiƙa su. Shi kuwa, saboda tsabar ƙwarewa, ya haura shekara sittin tsakanin kogi da teku, ko idon sawunsa ruwa bai samu sa'ar taɓawa ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a garin da akuya ma ta san yadda ake zama a kwalekwale.

Sarautar kyaftin ɗin ba wanda ya ba shi, don ba wanda ya isa. Da ƙuruciya ya je Tema ya yi aiki a tashar jiragen ruwa, wato ta wajen katanga, inda ake sayar wa lebura tabarmi. Ya dawo da farar hula mai tambarin ƙugiyar jirgi, da wata irin tafiya ta wara ƙafafu, kamar ƙasa na tangaɗi da shi. Tun daga ranar hular ba ta sauka ba. A gabansa ana ce masa Kyaftin. A bayansa ana ƙara masa Na-Tudu, don kada a rikita shi da na ruwa.

Jirgin da yake tuƙawa kuwa shagon katifu ne a bakin kasuwa. Nan yake tsayawa da safe, hannu a goshi, yana duba sararin sama a madadin jama'a.

"Ku mutanen kogi ba ku san ruwa ba," in ji shi ga duk wanda ya tsaya gyaran takalmi. "Wannan abin da kuke kira Volta, a wajenmu mu mutanen teku, ruwan wanke hannu ne. Ni da na ga igiyar ruwa ta fi hasumiyar coci tsawo, ina zan ɓata lokacina a kududdufi?"

Shi ya sa in an yi biki ko rasuwa a tsibiran tsallake, sai ya aika da gaisuwa. Kyaftin ba ya zama fasinja.

A yi masa adalci dai: a fagen katifa babu na biyunsa. Ya kalli tafiyarka sau ɗaya ya gaya maka irin abin da kake kwana a kai, da gefen da ya lotsa. Ya danna soso da babban yatsa ya faɗi ranar da zai mutu. Rabin garin nan a kan hikimarsa suke barci, sauran rabin a kanta aka haife su. Sai dai wannan baiwar ba ta cikin abin da yake so a tuna shi da shi.

Abin ya taso ne ranar da aka binne Ofoe direba. An kawo shi cikin akwati mai siffar tirela, ja wur, da madubai, da lamba, har da ƙaramin tsani a baya. Mutane suka manta da kuka suka hau tafi. Wata tsohuwa ta ce ko bayan motar ka hango ka san Ofoe ne. Kyaftin ya tsaya a bakin kabari yana jin maganar na yi masa yawo a kai. Gari na wayewa ya nufi rumfar Numo Sakite, kafintan da ya ƙera tirelar.

"Bene uku," in ji Kyaftin, tun kafin ya gaisa. "Bututun hayaƙi biyu. Tagogi zagayayyu a jere. A goshin jirgin a rubuta sunana da ruwan zinare. Ina so in an ɗauko ni, masu kallo su ji kamar su matsa kada ruwa ya fantsamo musu."

Sakite ya zare fensir daga bayan kunne, ya duba shi, ya mayar.

"Yaya Korkor ta sani?"

"Ni zan kwanta a ciki ko ita?"

"Kai za ka kwanta, ita za ta tsaya a kai. Ranar ba ka da baki, Kyaftin. In dangi ba su yarda ba, sai dai in sayar wa Turawa su ajiye a falo."

Korkor ita ce babbar yayarsa, ita ce kuma bakin dangi a duk abin da ya shafi biki da mutuwa. Ya same ta a bayan gida tana juya kifi a kan murhun banda, hayaƙi ya rufe ta kamar mayafi. Ya yi mata bayanin jirgin tun daga bene na ƙasa. Ta bar shi ya hau har na uku.

"Kabu," in ji ta, don ita kaɗai ce a duniya ba ta ga hular ba. "Akwati shaida ne. Baƙo ya zo jana'iza, ya hango shi daga nesa, ya san wa ya tafi. Mai kifi kifi, direba mota. Kai katifa. Mai furanni, da matashinta. Na ma daɗe da gaya wa Sakite."

"Katifa, Yaya? Ni? Mutum ya ƙarar da rayuwarsa a harkar teku..."

"Wane teku? Ni na goya ka. Wanka ma sai mutum biyu sun danne ka."

"A kai ni kabari a kan kafaɗa kamar kayan amarya! Yaya, ki tausaya wa sunan gidanmu."

Ta juya wani kifin. Tana son ƙanen nata, duk da hular.

"To ji nan. Gari ya gan ka sau ɗaya, kai kaɗai, ba inji, ba matuƙi, ka kai jirgi tsibirin can ka dawo da shi. In ido ya gani, ni da kaina zan ce a yi maka jirgi. In ba haka ba, ka zo ka zaɓi kalar furanni."

Nan fa gwarzon teku ya shiga lissafi. Kwalekwalen masunta sai da ƙarti goma. Ƙaramin na kogi kuwa ko atishawa ka yi ya kife. Jirgi ɗaya ne tak a duk faɗin Ada da mutum zai hau yau ya tuƙa yau, kuma shi ne wanda Kyaftin ya fi kowa yi wa dariya.

Can gefen da otal-otal suke, wata matashiya Adiki tana da ƙananan jirage guda huɗu ko biyar da take koya wa mutane tuƙi da su. Masu hutu na ce musu katamaran, mutanen gari na ce musu tagwaye: kwalekwale biyu sirara na roba, an haɗa su da ƙarfe, an ɗaure shimfiɗar raga a tsakani, ga doguwar sanda a tsaye ɗauke da zanen iska guda mai launi kamar laimar mai shayi. Ba inji, ba mai, ba ƙara. Faɗinsa ya sa ba ya saurin kifewa, rashin nauyinsa ya sa mutum biyu sun ja shi kan yashi, ruwa iya gwiwa ma ya ishe shi. Ma'aikatan asibiti sun koya. Wani fasto mai tsoron kwaɗi ya koya. Har wata kaka daga Akara ta koya, ta dawo tana guɗa.

Kyaftin ya sha tsayawa a bakin wajen yana girgiza kai.

"Dubi abin tausayi. Jirgin da bai yarda da kansa ba har sai an kawo masa ɗan'uwa ya riƙe shi! Wannan ai faranti ne da zani. A Tema, irin wannan muke ba yara su yi wasa a baho."

Saboda haka da ya isa wajen Adiki, ba koyo ya je ba. Dubawa ya je, a matsayinsa na babba a harkar.

"Sannu da zuwa, Baba Kyaftin," in ji ta. "Yau farantinmu ya yi baƙo."

"'Yata, zuwa na yi in ji yadda kike koyar da mutane, ko akwai gyara. Yi mini bayani kamar ban san komai ba. Kada ki tsallake ko ɗaya."

Adiki ta haɗiye dariya ta yi bayani kamar bai san komai ba. Ka zauna ta gefen da iska ke fitowa. Ka ja igiyar nan, jirgi ya tafi. Ka sake ta, ya tsaya. Ka tura sandar tuƙin nan hagu, ya yi dama. In ka rikice, saki komai, ba abin da zai same ka.

"Daidai," in ji Kyaftin. "Maimaita na ƙarshen, in ji ko kin riƙe shi da kyau."

Ta ce ya zo su ɗan zaga tare. Ya ce Allah ya kiyaye a ga kyaftin a bayan ɗaliba. Jirgin yana kan yashi, don haka ya yarda ya hau. Ya zauna a kan ragar, ya motsa, ya sake motsawa. Sai fuskarsa ta canja. A karo na farko tun zuwansa, ya zo kan abin da ya sani. Ya danna ragar da babban yatsa.

"A kan wannan kike zaunar da bayin Allah? Wannan ai kashe ƙugu ne. Awa ɗaya a nan, mutum ya tashi kamar an nannaɗe shi. Bari, zan kawo gyara."

"Baba, jirgi ne fa, ba ɗakin kwana ba."

"'Yata, ke kin san iska. Ni na san baya."

Aka sa ranar Lahadi, bayan an taso coci. Kyaftin bai yi abin a ɓoye ba, don ɓoyayyen jirgi ba ya shiga kabari. Ya ɗauko 'yan badujala. Ya sa aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ajiye wa Yaya Korkor mai hannu a gaba. Numo Sakite ya zo da kansa, ya ce yana so ya ga abin da zai ƙera. Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun ranar da aka yanke maganar Kyaftin bai yi barcin kirki ba. Da ya rufe ido sai ya ga ruwa. Mai sayar da barci ya kwana bakwai yana kallon silin.

Don ya ƙarfafa zuciya, ya zauna ya ci tuwon banku mulmule uku da gasasshiyar karfasa da barkono, ya bi da ƙwaryar bammi. Ya ce al'adar mutanen teku ce.

Sannan aka kawo gyaran. Katifa ce sabuwa dal, mai kauri, shuɗiya da jajayen furanni, tana cikin ledarta, irin wadda yake ɓoyewa a can ciki sai babban mutum ya zo. Aka shimfiɗa ta a kan ragar, aka ɗaure da igiya kusurwa huɗu. Ya ƙara da matashi, saboda gwiwar hannu. Adiki ta zaga jirgin, ta ja igiyoyin, ta ga ba abin da suka tare, ta ɗaga kafaɗa. Abu ɗaya ta kafe a kai: rigar ceto. Aka sa masa ita, mai launin ruwan lemo, ta ƙi haɗuwa a kan tumbi, sai da aka ƙara mata igiya.

Ya juyo ga jama'a.

"Mutanen Ada! Yau ba don kaina zan shiga ruwa ba. Don matasa ne, su ga yadda ake yi. Na zaɓi mafi ƙanƙantar jirgi da gangan, domin babban jirgi kowa ma ya iya. In kun ga ban waiwayo ba, kada ku ce girman kai ne. Kyaftin gaba yake kallo."

Badujala ta ɗauka. Adiki ta tura shi, ta hau wani jirgin ta bi daga nesa.

Gaskiya ne bai waiwayo ba. Wuyansa ne ya ƙage. Ya riƙe igiya da hannu ɗaya, sanda da ɗaya, ya haɗa sunayen waliyyai da na kakanni yana kira ba tsari. Ƙasa ta janye daga ƙarƙashinsa. Ya jira kifewa.

Kifewa ba ta zo ba. Iska ta cika zanen, igiyar ta ɗan ja hannunsa kamar yaro mai son a je yawo, jirgin ya miƙe sumul. Ba tangaɗi, ba hayaniya, sai ruwa na raɗa a tsakanin tagwayen. Ya gwada sakin igiyar, jirgin ya lafa. Ya ja, ya tafi. Ya sake saki, ya sake ja. Kai! Ashe abin da ake ta yi ke nan? Ashe haka garinsu yake daga ruwa, bishiyoyin kwakwa a jere, rufin coci ɗan mitsitsi, shagonsa ma ba a gani? Wani tsuntsu fari ya wuce dab da shi bai ko gaishe shi ba. Kabutey Narh ya ji wani abu ya taso masa a ƙirji wanda ba jawabi ba ne. Ya yi dariya shi kaɗai, irin wadda rabonsa da ita tun kafin hular.

A haka hancin jirgin ya soki yashin tsibiri. Wasu mata na wanki a wajen. Juya jirgi na cikin darussan da ya zo gyarawa bai samu lokaci ba, don haka ya ba da umarni.

"Ku juya shi ya fuskanci gari. A hankali. Ina duba ku ne."

Suka kama hancin suka juya shi kamar tire, ɗaya ta ce a gaida mutan kasuwa, ta tambayi kuɗin katifar.

Daga can gaɓa aka ga zane mai launi ya juyo. Ihu ya tashi. Yaya Korkor ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Rabi ya tafi, saura rabi, jirgi mai bene uku ya fara leƙowa daga rumfar Sakite.

A tsakiyar kogi iska ta ɗauke.

Haka take yi wani lokaci da rana tsaka, ta je ta huta ta dawo. Zanen ya saki jiki. Kyaftin ya ja igiya, ba labari. Ya tuna darasin ƙarshe, wanda ya sa aka maimaita: in ka rikice, saki komai. Ya saki komai. Ba abin da ya same shi. Rana ta yi ɗumi. Ruwa na ɗaga shi kaɗan, yana sauke shi kaɗan. Banku ya zauna inda ya dace, bammi ya bi jijiya. Tsoron da ya hana shi barci mako guda ya tattara ya tafi, ya bar gurbi. Ga shi kuma, a ƙarƙashinsa, katifa mafi kyau a duk yankin, wadda shi da kansa ya zaɓa.

Ya ce bari ya ɗan kishingiɗa ya duba saman sandar, kamar yadda manyan kyaftin ke yi. Ya jawo matashin. Rana ta shiga idonsa, ya sauke hular kan fuska.

Da iskar yamma ta dawo, ba ta tarar da kowa a bakin aiki ba. Sai ta yi aikin da kanta. Ta turo jirgin a hankali, a karkace, zane na kaɗawa yadda ya ga dama, har ya doso rumfa. 'Yan badujala suka ƙara wuta. Jama'a suka yo bakin ruwa. Aka fara tambaya, ina Kyaftin ɗin? Sai jirgin ya matso, aka gan shi: miƙe samɓal a kan furanni, ƙafafu a haɗe, hannaye a naɗe kan tumbi, farar hula a fuska.

Badujala ta mutu ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta ɗora hannu a ka za ta fasa kuka. A cikin shirun nan ne aka ji minshari, daga ƙarƙashin hular, dogo, mai kauri, da ɗan fito a ƙarshe.

Jirgin ya hau yashi a hankali, dab da ƙafar Yaya Korkor, kamar an aiko shi. Adiki ta iso a baya tana share hawayen dariya da gefen riga. Numo Sakite ya matso. Ya zaro tef daga aljihu, ya auna daga kai zuwa ƙafa, ya auna faɗi, ya tsaya a kan tumbin ya sake aunawa.

Sanyin tef ɗin ne ya tashe shi. Ya ɗaga hula, ya ga sama, ya ga fuskoki, ya ga yayarsa. Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage. Amma ba a banza ake zama kyaftin ba. Ya miƙe, ya gyara rigar ceto, ya yi gyaran murya.

"Kun gani da idonku. Kowane ɗan koyo zai iya tuƙi ido biyu. A Tema, sai mutum ya kawo jirgi gida yana barci ake sallama masa. Yaya, na je, na dawo. Ni kaɗai, ba inji, ba matuƙi."

"Ba matuƙi kam," in ji wani daga baya.

Korkor ta ɗaga hannu, aka yi shiru. Ta daɗe tana kallon ƙanenta, da jirgin, da abin da ke kan jirgin.

"Ka je, ka dawo," in ji ta. "Ban taɓa zaton zan gani ba, Kabu, kuma na ji daɗi. Magana ɗaya nake yi. Sakite, a yi masa jirgi."

Kyaftin ya buɗe hannaye kamar zai rungumi kogin.

"Bene uku, Numo! Kada ka manta da..."

"Wane bene? Cewa na yi abin da ido ya gani. Sakite, ka gani ai."

"Na gani, Yaya. Har na auna."

"Kwalekwale biyu ƙanana a ƙasa. Katifa a sama. Shuɗiya, jajayen furanni."

"Yaya, ko bututun hayaƙi ɗaya..."

"Hayaƙin me? Da minshari ka shigo gari."

Kafin sati ya zagayo, ba sauran shuɗiyar katifa mai jajayen furanni a shagon. Har daga tsibirai ake zuwa, a ce a ba da irin wadda Kyaftin ya yi barci a kai a tsakiyar kogi. Yana miƙawa yana kallon gefe. Wasu sun ce suna ganinsa da sassafe a wajen Adiki, cikin layin 'yan koyo, yana duba yadda ake juya jirgi, ko akwai gyara.

Akwatin kuwa yana nan a gaban rumfar Sakite, an gama shi tsaf, yana jiran mai shi ba gaggawa. Yaya Korkor ta yi masa alfarma ɗaya: ta yarda a sassaƙa farar hula mai tambarin ƙugiya, a kan matashi, daidai inda fuska take. Baƙi kan tsaya su tambayi na wane ne. 'Yan gari ba sa tambaya. Daga nesa suke ganewa.